Albashin ƙaramin lauya: yadda za ka gane ko ana ƙwarar ka, da yadda za ka nemi ƙari

Ranar da aka rantsar da mu a Abuja, kawuna ya dube ni cikin baƙar riga da hular gashi ya ce, "To Barista, wahala ta ƙare." Bayan hidimar ƙasa na samu gurbi a wata cemba, wato ofishin lauyoyi, a Kano. Wata ya ƙare babu wanda ya ce mini uffan. Sai ranar takwas ga sabon wata Oga ya kira ni, ya ja aljihun teburinsa ya zaro ambulan, ya ce, "Ungo, ka sha ruwa." Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya har da rusunawa. Sai da na shiga adaidaita sannan na leƙa ciki. Albashi ne? Kyauta ce? Haka za a riƙa ba ni kowane wata? Ban sani ba, kuma na shekara biyu ban tambaya ba, don a gida an koya mini cewa yaro ba ya yi wa babba maganar kuɗi.

Wannan kunyar ta fi kowane mugun maigida cin kuɗin ƙananan lauyoyi a Arewa. Abin da na koya daga baya shi ne, ba shekara biyar ɗin jami'a da shekarar Makarantar Lauyoyi ake biya ba, ba kuma wahalar da ka sha a harabarta ta Bagauda ko Bwari ba. Abu biyu ne ke yanke albashi: kuɗin da ke shigowa ofis ta hannunka, da irin wuyar da za a sha kafin a samu madadinka. Duk abin da ke ƙasa a kan waɗannan biyun ya ginu. Da "kai" zan yi magana don sauƙi, amma 'yar'uwa lauya, har da ke.

Mataki na farko: san abin da ke isa aljihunka

Ɗauki biro da takarda, ka rubuta abin da aikin kansa ke cinyewa kafin ka kai ko sisi gida. A ce albashinka naira 100,000 ne, kana zuwa ofis kwana 22 a wata. Mota zuwa da dawowa, da tsallen da kake yi daga kotunan Sakatariyar Audu Bako zuwa na Miller Road ko Nomansland, a ce 2,000 a rana: 44,000 ke nan. Abincin rana 1,500: 33,000. Data da katin waya, wanda rabinsa kiran rajistara da masu shari'ar ofis ne: 8,000. Wanki da gugar fararen riguna da kwala: 5,000. An tashi 90,000. Saura 10,000, kuma ba a yi maganar haya ba, balle kuɗin lasisin aiki da ake biya kafin 31 ga Maris kowace shekara, da kuɗin reshen ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa, wato NBA, da kuɗin hatimin NBA da ake mannawa a takardu. Ka sa naka alƙaluman a madadin nawa. In kana shiga ƙarfe takwas ka fita shida, awa 220 ke nan a wata ban da Asabar, wato wajen naira 455 a kowace awa.

Sai ka duba yaushe rabon da a taɓa albashin. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a cikin 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Ma'ana, abin da 100,000 ta saya maka a Disambar 2023, sai ka ba da kusan 134,800 bayan shekara guda. Wanda aka ƙara wa 20,000 a wannan tsakanin ya yi ta godiya, to baya ya ci, bai sani ba.

Mataki na biyu: abin da doka ta ba ka, da abin da ba ta ba ka ba

Abin kunya ne a ce lauya bai san dokar da ta shafi cikinsa ba, amma da yawanmu haka muke.

Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, gwamnatin Kano ta sa 71,000 ga ma'aikatanta, Kaduna 72,000. Sai dai dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma cemba nawa ce a Kano ko Zariya ko Sakkwato ke da mutum 25, har da direba da maigadi? Don haka ba sanda ba ce da za ka ɗaga wa Oga. Ma'auni ce kawai. Wani ma'aunin da ya fi ta ciwo shi ne alawus ɗin masu hidimar ƙasa, wanda ya koma 77,000 a 2025. In ɗan bautar ƙasar da kake koya wa rubuta takardar rantsuwa ya fi ka ɗauka, ba sai an tara malamai ba kafin a ce akwai gyara.

Dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku, amma ma'anar "ma'aikaci" a cikinta ta cire masu aikin ƙwararru, mu ke nan. Abin da ke kare ka shi ne yarjejeniyar da ke tsakaninka da ofis, kuma in rigima ta taso Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi, bisa sashe na 254C na tsarin mulki. To in babu takarda fa? Sai a koma "ya ce, na ce", abin da kullum muke yi wa mutanen Kwari da Singa faɗa a kansa. Dokar fansho ta 2014 kuwa ta ce maigida ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, kuma tilas ce a kan kamfanin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama, tare da inshorar rai ta ninkin albashin shekara sau uku. In ofishinku ya kai wannan adadin ba a yi maka, haƙƙinka ne ake ci, ba alfarma ake hana ka ba.

Sai dokar da ake yawan ruɗewa a kanta, wato umarnin biyan lauyoyi da Antoni Janar Abubakar Malami ya sa wa hannu a Mayun 2023, wanda ya maye gurbin na 1991. Tushensa kwamitin da NBA ta kafa zamanin Olumide Akpata ne, ya kuma fito lokacin shugabancin Y.C. Maikyau. Ya raba jihohi gida uku: Legas da Abuja a sama, Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato da Borno da makamantansu a rukunin ƙasa. A rukuninmu, lauyan da bai wuce shekara tara da rantsarwa ba, mafi ƙarancin abin da zai karɓa don ba da shawara naira 20,000 ne, a Legas da Abuja 30,000. Cinikin gida ko fili da bai kai miliyan 50 ba, kashi 10 cikin ɗari ga lauyan da ya rubuta takardar. Amma a lura: wannan abin da mai aiki zai biya ofis ne. Bai ce ofis ya biya ka kaza ba. Amfaninsa gare ka shi ne ya ba ka farashin da za ka auna aikin hannunka da shi, wanda shi ne mataki na gaba.

Mataki na uku: nawa kake shigo wa ofis da shi?

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne kusan kowa ke tsallakewa.

Sayi ƙaramin littafi, ko ka buɗe shafi a wayarka. Wata uku cur, kullum kafin ka kwanta, ka rubuta abin da ka yi: kotu nawa ka shiga, kai kaɗai ko bayan Oga, takardar roƙo nawa ka rubuta, rubutaccen jawabi nawa, yarjejeniyar haya ko ta ciniki nawa, kamfani nawa ka yi wa rajista, beli nawa ka karɓo, sau nawa ka je KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, binciken takardun fili. Kada ka sa sunayen mutane ko sirrin shari'arsu, lambar fayil ta isa. A gefen kowanne ka sa abin da ofis ya karɓa in ka sani. In ba ka sani ba ka sa mafi ƙarancin da umarnin 2023 ya tanada, sannan ka rage, don ni da kai mun san Alhajin da zai miƙa wa dillali la'adarsa babu gardama shi ne zai ce wa lauya, "Haba Barista, 'yar takarda shafi uku?" Filin miliyan 20 a doka miliyan 2 ne kuɗin lauya. A kasuwa sau da yawa ba a kusantar haka.

Sannan ka raba ayyukan kashi biyu: waɗanda Oga ya kawo kai ka aikata, da waɗanda kai ka kawo da ƙafarka, irin abokin yayanka da ke neman rajistar kamfani, ko maƙwabcin da gado ya rikice musu. Wannan bambancin shi ne komai. Aikin da sunan Oga ya jawo, ko ba kai wani zai yi shi. Aikin da kai ka jawo, in ka tafi ya tafi.

Ma'aunin da nake amfani da shi tsoho ne a wannan sana'a: kuɗin da aikin lauya ya samar a kasa shi uku, kashi ɗaya nasa, ɗaya na hidimar ofis, ɗaya ribar mai ofis. Ba doka ba ce, ba kuma aya ba ce, amma tana nuna hanya. In lissafin wata uku ya nuna aikin da ya bi ta hannunka ya kawo miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, wato 600,000 a wata, to albashin da ke kusa da 200,000 ba roƙo ba ne. In kuwa ka tarar 150,000 kawai kake samarwa a wata ana ba ka 80,000, ka yi shiru tukuna, ka wuce mataki na shida. Oga ne ke ɗauke da kai.

Bari in faɗi abin da matasa ba sa son ji. Ba duk maigidan da ke biya kaɗan ne azzalumi ba. Sai da na buɗe nawa ofishin na san cewa haya, da man janareta, da tawadar firinta, da kuɗin rahotannin shari'a, da albashin sakatare ba sa jiran mai shari'a ya biya. Akwai wanda za ka yi wa shari'a shekara huɗu, ranar da aka ci nasara ya kawo maka buhun shinkafa da addu'a. Akwai 'yan'uwa da surukai da mutanen unguwa da ba a isa a karɓi kuɗinsu ba. Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba manyan kotuna na hutu, shigowar kuɗi ta ja baya, albashi kuwa bai san hutu ba. Amma akwai kuma wanda zai sauya mota duk shekara, ya tafi Umara sau biyu, yaransa biyar na rabon abin da bai kai kuɗin taya ɗaya ba, in an yi magana ya ce, "Ai koyon aiki kuke yi, mu a zamaninmu ko kwabo ba a ba mu." Littafinka ne zai gaya maka a gidan wanne kake.

Koyon aikin ma a sa shi a sikeli, don gaskiya kuɗi ne. Shekara biyu a ƙarƙashin wanda zai zaunar da kai ya yi wa rubutunka jan biro, ya bar ka ka yi wa shaida tambayoyi, ya tafi da kai Kotun Ɗaukaka Ƙara, sun fi albashi mai tsoka a inda aikinka kawai ka miƙe ka ce a ɗage shari'a. Amma koyo yana da wa'adi. In ka shekara uku kana ɗaukar jaka da neman sabuwar rana, ba ka taɓa kammala shari'a ɗaya da kanka ba, to babu kuɗin, babu ilimin.

Mataki na huɗu: tambayi sa'o'inka

Mutum biyar zuwa bakwai da kuka fito shekara ɗaya, a gari ɗaya, masu irin aikinka. Dandalin matasan lauyoyi na reshenku na NBA nan ne wurin. Fara faɗin naka, sai su saki jiki. Ka tambayi har da abin da ke bayan albashi: kuɗin zuwa kotu, kaso, goron sallah. Kada ka auna kanka da abokinka na babban ofishi a Ikoyi ko Maitama. Masu biyan ofishinsu bankuna ne da kamfanonin mai, wasu da dala, kuma hayar ɗakinsa kaɗai ta isa ta cinye albashinka.

Mataki na biyar: zama da Oga

Lokaci rabin nasara ne. Kada ka tayar da maganar ana tsakiyar hutun kotu, ko ranar da aka yi watsi da ƙararku, ko a gaban sauran yara, ko a mota kuna hanyar Dutse yana duba fayil. Ka bari sai an biya wani babban aiki da hannunka ke ciki, ko farkon sabuwar shekarar shari'a. Kuma kada ka aika saƙon waya. Ka same shi ka ce, "Ranka ya daɗe, in an samu sarari ina son minti goma a kan aikina." In mace ce shugabar, girmamawar ɗaya ce, "Ranki ya daɗe."

Ranar da na yi nawa zaman na farko na tafka kuskuren da kowa ke yi. Na fara da cewa an ƙara mini haya, matata ta kusa haihuwa, babur ɗina ya lalace. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Allah ya rufa asiri," ya ba ni dubu goma. Na shiga neman albashi na fito da sadaka. Matsalarka ta gida tana jawo tausayi, tausayi kuma sau ɗaya ake biyansa.

Bayan wata shida na koma da takarda shafi guda. Ga yadda maganar ta kasance, kusan kalma da kalma:

"Ranka ya daɗe, na gode da irin riƙon da ake yi mini, abin da na koya a nan ba zan iya biya ba. Na rubuto abin da na yi daga Janairu zuwa Maris don ka gani. Fayil goma sha ɗaya ne a hannuna ni kaɗai, biyu an yanke hukunci. Mutum uku ni na kawo su. Albashina bai motsa ba tun da na zo. Ina roƙon a duba a mayar da shi kaza."

Ka faɗi adadi. Wannan ita ce gaɓar da harshe ke nauyi, amma in ka ce "a ɗan duba ni," to za a ɗan duba ka ɗin. Ka sa adadin sama kaɗan da inda za ka tsaya, don ko a kasuwar Kurmi ba a sallamawa a tayin farko. In ka faɗa, ka yi shiru. Kada ka cike shirun da ban haƙuri. Shi ma lauya ne, ya san hujja in ya gan ta. Nawa ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Wa ya koya maka wannan?" Bai ba ni duk abin da na nema ba, amma ya ba ni fiye da rabi.

Abu uku kada su fito daga bakinka: sunan abokin aikin da ya fi ka albashi, abin da ka ji an biya Oga a wata shari'a, da barazanar tafiya alhali ba ka da wurin zuwa. Na ukun nan na ga ya ci mutum. Aka ce masa, "To Allah ya ba da sa'a," ya fito yana zare ido.

In ya ce babu kuɗi, kuma ka ga alamar gaskiya ne, kada ka tashi hannu rabbana. Albashi ba shi kaɗai ne ƙofa ba, kuma sau da yawa waɗannan sun fi sauƙin samu don ba sa zama nauyin kowane wata:

Kaso a kan duk aikin da ka kawo da kanka. Wannan ya fi komai, don ba shi da rufi. Ku yanke kashi nawa ne, kuma daga me za a cire, kafin ko bayan kuɗin shigar da takardu. Kuɗin zuwa kotu a duk fita, musamman wajen gari, tunda ofisoshi da yawa na karɓar wannan daga masu shari'a. Ofis ya ɗauke maka kuɗin lasisi, da na hatimi, da na taron shekara na NBA. Izinin yin ƙananan ayyukanka, irin yarjejeniyar haya da rajistar sunan kasuwanci, a fili ba a ɓoye ba. Ga 'yan'uwa mata, hutun haihuwa da albashinsa: a yi maganarsa tun kafin a buƙace shi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk abin da aka amince, a rubuta. In kana jin nauyin cewa Oga ya ba ka takarda, kai ka rubuta masa saƙon godiya a ranar: "Na gode da amincewa da mayar da albashina kaza daga watan kaza, da kashi kaza a kan ayyukan da na kawo." In ya amsa da "Ba komai," ka samu shaida. In ya ce a dakata, ka nemi rana: "Ranka ya daɗe, in dawo bayan sallah?" Kuma ka dawo ɗin.

Mataki na shida: zama wanda ba a maye gurbinsa da sauƙi

Kowace shekara dubban sababbin lauyoyi ake rantsarwa, kuma kowannensu ya iya miƙewa ya nemi a ɗage shari'a. Muddin abin da ka iya ke nan, farashinka na wanda ya fi kowa yunwa ne a cikinsu. Mafita ita ce ka riƙe fanni ɗaya da za a riƙa cewa "ku je wurin wane."

Mu a Arewa muna zaune a kan wata taska muna hangen ta wasu. Wanda ya yi digirin haɗin dokar zamani da shari'ar Musulunci a Bayero ko Kongo ta Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, in ya ƙware a rabon gado da wasiyya da waƙafi, ya iya buɗe littattafan Malikiyya da Larabcinsu a gaban alƙali a Ƙofar Kudu, ya kuma iya bin shari'ar har sama, ba zai rasa aiki ba. Attajiri ya rasu ya bar mata huɗu, 'ya'ya talatin, gidaje a Kano da Abuja, da hannun jari a kamfanoni: wannan aikin na buƙatar wanda ya san fiƙihu ya kuma san dokar kamfanoni ta 2020, kuma irinsu ba su da yawa. Haka harkar kuɗi marar ruwa. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardar zuba jari marar ruwa, na naira biliyan 100 a 2017. Duk takardun murabaha da ijara, wato ciniki da haya irin na waɗannan bankuna, lauya ne ke rubuta su.

Haraji ma ƙofa ce a buɗe: sababbin dokokin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun sa kowa ya koma ɗalibi, babba da yaro, kuma ɗan kasuwar Dawanau da ke fitar da riɗi waje yana buƙatar mai yi masa bayani da Hausa. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, da dokar sulhu da sasanci ta shekarar. Akwai shari'ar zaɓe, inda ake shigar da ƙara cikin kwana 21 a yanke cikin kwana 180. Mai saurin rubutu da jure rashin barci yana iya samun na shekara a 'yan watanni, sai dai kaka ce, ba kullum ake yin ta ba. Zaɓi ɗaya, ka karanta dokarsa daga bango zuwa bango, ka nemi takardar ƙwarewa in akwai, irin ta cibiyar haraji ko ta sakatarorin kamfani ko ta masu sasanci. Ka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin wakili, wannan ba ya buƙatar jiran kowa.

Kuma ka iya rubutu. Manyan lauyoyi da yawa sun gaji da zama gaban kwamfuta. Yaron da zai miƙa jawabin da ba sai an gyara ba, ba a sakinsa.

Wani gargaɗi a nan, don yunwa na sa a yi abin da za a yi da-na-sani. Tsayuwa a harabar kotun majistare ko bakin caji ofis ana farautar 'yan'uwan waɗanda aka kama, raba kuɗin aiki da ɗan sanda ko ma'aikacin kotu don ya turo maka mutane, karɓar kuɗi a bayan Oga a kan fayil ɗin ofis, taɓa kuɗin mai shari'a da ke hannunka amana: ƙa'idojin aikin lauya sun hana neman aiki ta wannan hanya da raba kuɗi da wanda ba lauya ba, kuma kwamitin ladabtarwa na iya soke sunan mutum daga rajista. Yarjejeniyar "in an ci a ba ni kaso" halal ce a shari'ar neman haƙƙi, amma ba a yin ta wajen kare wanda ake tuhuma da laifi.

Mataki na bakwai: in tafiya ta kama

Ka nema da hujja sau biyu, an yi maka alkawari sau biyu, shekara ta zagayo babu labari. To ka fara duba waje, cikin sirri, kana kan aikinka. Sau da yawa tsallen da albashi ke yi a sauyin wuri ya fi na ƙarin cikin gida.

Kowace hanya da abin da ake sarayarwa. Ma'aikatar shari'a ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a: albashi tabbatacce, fansho, da shari'o'in da za su gogar da kai da wuri, amma tsarin mulki ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ban da noma, don haka babu cemba a gefe. Banki ko kamfani: kuɗin ya fi, sai dai ƙa'ida ta hana lauyan da ke cin albashin kamfani tsayawa a kotu a matsayin lauyan kamfanin, kuma in burinka SAN ne, wato muƙamin babban lauyan Nijeriya, wanda ke buƙatar aƙalla shekara goma a aiki da tarin shari'o'in da ka yi da kanka har Kotun Ƙoli, to ka san ka kauce hanya. Kujerar alƙalin babbar kotu ma shekara goma take nema, kuma an ƙara albashin manyan alƙalai da kashi 300 cikin ɗari a 2024, amma ƙarin bai haɗa da majistare ba. Ƙungiyoyin agaji a Maiduguri da Abuja na biya da kyau, aikin kwangila ne, yana ƙarewa ranar da tallafi ya ƙare. Buɗe taka cembar kuwa, kada ka yi don fushi. Ka koma littafinka: in ayyukan da kake kawowa da ƙafarka za su biya haya da abincin gidanka na wata shida ko da ba a samu sabo ba, bismillah. In ba haka ba, ka fara da haɗa ofis da abokai biyu kuna raba haya.

In ka samu tayi, sai ka ga takarda kafin ka faɗa wa kowa. Sannan ka sami Oga da kanka, kafin ya ji a bakin rajistara. Ka ba da wa'adin da yarjejeniyarku ta ce, in babu yarjejeniya wata guda. Ka rubuta jerin duk fayil ɗin da ke hannunka, da kotun da kowanne yake, da ranar da aka ɗage shi, da abin da ya rage a shigar da ranar da wa'adinsa zai cika. Kada ka kira masu shari'ar ofis kana ce musu ka tashi. Wanda ya neme ka da kansa daga baya, ka tabbatar ya sallami tsohon ofis ya biya su kafin ka karɓi fayil ɗinsa. Garin ƙarami ne: gobe kana iya tsayawa gaban tsohon Oganka yana ɗaya ɓangaren, ko ka buƙaci sa hannunsa ranar da za ka nemi wata kujera. Ni dai da na miƙa nawa jerin, shafi huɗu, ya karanta ya ce in zauna. Ya zaro fayil biyu na haya da ya ce sun yi masa ƙanƙanta, ya tura mini su ta kan tebur, ya ce in kira masu gidan ranar Litinin.